Daga Gamba Zuwa Ƙarfe: Tarihin Bakin Alƙalami a Hanyar Gwanja

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi. Mun rubuto shi saboda waɗanda ranar suna bayan shanu, ko suna tsaye a layin kwastan, shirin ya wuce su.

Abu ɗaya ne, amma sunansa ya danganta da garin da ka kwana. In ka shiga kanti a Maraɗi ko Wagadugu ka ce a ba ka bik, za a miƙo maka. A Kano biro za ka ce. A nan Tamale yaran makaranta da sunan Turanci suke kiransa. Amma tsohon da ya yi karatun allo, ko daga ina ya fito, alƙalami zai ce, kuma sunan nan ya girmi duk iyakokin da muke tsallakawa yau. Daga Larabci muka aro shi, su ma Larabawa kalmar tasu 'yar uwa ce ga wata ta Girkawa mai nufin kara. Wato tun asali alƙalami kara ne. Tawada daga sunan kurtun tawada na Larabci ta fito, takarda kuma ta bakin Buzaye ta iso mana. Kayan rubutu uku, duka ukun sunayensu da ayari suka zo.

Iyayenmu makiyaya ba sai an gaya muku mece ce gamba ba. Shanunku sun ci ta tana ɗanya, kun yi zana da ita bayan ta bushe. To ita ce masana'antar alƙalamin malaman wannan yanki shekaru ɗaruruwa. Bayan kaka, in ta ƙosa ta bushe, malam zai zaɓi mai kauri wadda ba ta da huji, ya yanke abin da ya ɗan fi tafin hannu tsawo, ya sa wuƙa ya fere gefe ɗaya a karkace, ya fiƙe, sannan ya tsaga tsakiyar bakin kaɗan. Wannan 'yar tsagar ita ce sirrin duka. Ita ke riƙe tawada, ita ke sakinta sannu a hankali in an danna. Ku riƙe ta a ranku, don za mu sake gamuwa da ita a alƙalamin zinariya da aka ƙera a Amurka. Malam yakan fiƙe mai faɗin baki don manyan baƙaƙe, da siriri don sharhin da ake cusawa a gefen shafi. In baki ya dakushe, wuƙa na aljihu, a sake fiƙewa. Alƙalami yana raguwa har ya zama guntun da yatsu ba sa iya riƙewa, a yar a ɗauko wani. Ko sayensa ka yi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Kuma ba a taɓa jin bakinsa ya yi girgiɗi ba, don baki da jiki abu guda ne.

Tawada iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne rabin labarin nan. Akwai ta allo: gawayi ko baƙin tukunya, da ƙaro, da ruwa. An yi ta ne don a wanke. Yaro ya hardace, ya wanke allonsa, malam ya ɗora masa gaba. Ko kuma a wanke a sha. Sai ta takarda, yambari, wadda ake jiƙa 'ya'yan bagaruwa a haɗa da kashin maƙera da ƙaro. Majema sun san bagaruwa. Abin da ke sa ta kama fata a wurin jima, shi ne in ya gamu da ƙarfe yake yin baƙi ya kama takarda. Ita ba a saman takarda take zama ba, cikin jikinta take shiga. Shi ya sa za ka ga wasiƙar da ta shekara ɗari da hamsin, gara ta ci gefenta, ruwa ya taɓa ta ya bar zane, amma baƙaƙen suna nan daram.

Takarda kuwa ita ce mai tsada. Daga Italiya take fitowa, ta bi ta Tarabulus ko Masar, raƙuma su keto Sahara da ita zuwa Kano. In ka ɗaga irin takardar nan a rana za ka ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, alamar masu yin ta. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya gan ta a kasuwar Kano a 1851. Daga Kano kuma sai ta hau jaki ta kama hanyar Gwanja.

Hanyar nan kakanninmu da yawa sun taka ta. Ayari ya tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya faɗo Sansanen Mango, ya biyo Yandi, ya sauka Salaga. Tafiyar watanni ce. Ana kawo kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi, a koma da goron ƙasar Asante. Kuma kada mu rufe ido: ana kawo mutane ma. Salaga babbar kasuwar bayi ce, rijiyoyin da ake nunawa a garin har yau shaida ne. A cikin shugabannin ayari akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, sannan akwai malamin ayari. Shi ke duba ranar tashi, shi ke ja salla, shi ke riƙe lissafi da rubuta wasiƙa. In bafatake ya rasu a hanya, kayansa da bashinsa sai an san yadda za su isa ga magada a Kano. Kun ga ke nan kurtu da gamba suna cikin kayan aiki kamar igiya da mangala.

Ba Hausawa suka fara rubutu a wannan ƙasa ba, gaskiya ɗaya ce. Wangarawa sun riga mu. Wajen 1752 malaman Gwanja suka tattara tarihin sarakunansu da limamansu da Larabci, littafin da ake kira Kitab Ghanja, shekara bi shekara: wane ya hau, wane ya rasu, yaushe Asante suka kawo yaƙi. A Kumasi ma, lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya je a 1817, ya tarar da Musulmi a fadar Asantehene suna rubuta masa wasiƙu da layu. Wani tarin takardunsu yana ajiye a babban ɗakin karatu na birnin Kopenhagen a Denmark, kuma masana sun ce a yaƙin Katamanso na 1826 aka kwashe su daga hannun Asante. Mafi yawa laƙani ne da hatimi, amma a ciki akwai wasiƙun da Musulmin Kumasi suka yi musaya da 'yan uwansu na arewa. Ka duba fa, takardar da aka rubuta da kara a nan, yau sai ka nemi biza kafin ka gan ta.

Amma in ana maganar alƙalami a hanyar Gwanja, duk inda aka zaga sai an dawo kan Alhaji Umaru, wanda wasu ke ce wa na Salaga, wasu na Karaci. An haife shi a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi. Mahaifinsa bafatake ne mai zuwa Gwanja. Ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, yana bin ayari yana karatu. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne littafinsa na farko. Ba na tauhidi ba ne, ba na fiƙihu ba. A 1877, yana ɗan shekara ashirin ko bai cika ba, ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa, da Larabci, mai ɗauke da samfurin wasiƙu iri-iri don mai bukata ya duba ya bi. Yaro ɗan fatake ya lura da abin da mutanensa suka fi nema: yadda magana za ta yi tafiyar wata uku ta isa ba ta canza ba. Saƙon baki yakan tashi Kano da goro ƙwarya goma ya isa Salaga da bakwai.

Ya zo ya zauna Salaga a daidai lokacin da garin ke gab da rushewa. Tun 1874, da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga Asante, su kuma Asante suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Sai ga yaƙin basasa na 1892 tsakanin gidajen sarautar Kpembe. Zango ya watse. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo, wasu Kete-Karaci, inda Alhaji Umaru ya koma ya zama limami har ya rasu a 1934. Da yawa daga zangunan Gana daga wannan watsewar suka samu mutanensu. A Salaga ya san Bajamushe Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari ke kira Malam Musa. A Karaci kuma ya zauna da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906, kuma ya rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da al'adunta da ajami, shafi bayan shafi. Ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, kan talauci, kan annobar murar 1918. Tsohuwar Karacin da ya zauna yanzu tana ƙarƙashin tafkin Volta, tun da aka datse kogin a Akosombo a shekarun 1960. Garin ya nutse, rubutun yana hannun almajiran almajiransa.

To, yaushe ƙarfe ya shigo?

Tun shekarun 1820 maƙeran birnin Birmingham a Ingila, irin su Joseph Gillott da Josiah Mason, suka gano yadda inji zai riƙa buga bakin alƙalami na ƙarfe dubu-dubu, da tsagarsa da komai. Kafin ƙarni ya raba, su ke ƙera fiye da rabin na duniya. Irin wannan baki ana cusa shi ne a kan ɗan itace, a tsoma a kwalbar tawada, a rubuta kalma uku huɗu, a sake tsomawa. A nan ne fa aka fara raba baki da jiki, kuma ranar da aka raba su ranar aka haifi girgiɗi.

Wannan ƙarfen ya iso mana tare da takardun yarjejeniya. George Ekem Ferguson, Bafante ɗan Anomabu mai aikin safiyo wa Turawan Ingila, ya zagaya arewa a 1892 da 1894 yana ƙulla yarjejeniya da sarakunan Dagomba da Gwanja da Mamprusi, har Wagadugu ya kai. An kashe shi kusa da Wa a 1897, a hannun mayaƙan Samori. Bayansa sai manyan suka zauna a Turai. A 1898 Ingila da Faransa suka ja layin arewa, wanda yau kuke tsallakawa a Paga. A 1899 Ingila da Jamus suka raba Dagbon gida biyu, Yandi ta faɗa hannun Jamus, Tamale hannun Ingila. Sarki a ƙasa ɗaya, talakawansa a wata. Waɗanda suka ja layukan nan ba su tambayi inda burtali ya bi ba, ba su tambayi inda shanu ke shan ruwa da rani ba. Hausawa kan ce alƙalami ya bushe in magana ta ƙare. Wannan kam ya bushe a kanmu, ba a ko nuna mana shafin ba.

A 1907 Turawa suka dawo da hedkwatarsu daga Gambaga zuwa Tamale, a 1909 suka buɗe makarantar gwamnati. Daga nan aka samu sabon mai alƙalami, akawu, wanda a nan muke ce wa karachi. Shi ke zaune a tashar tsare shanu ta Paga ko Pusiga yana ƙirga kai yana rubutawa, shi ke yanka rasit, shi ke cika takardar allurar bushiya ta likitocin Pong-Tamale. Tsofaffin da suka yi makarantar lokacin suna ba da labarin tebur mai rami a kusurwa inda ake dasa kwalbar tawada, da yatsu shuɗaye, da bulalar da ake sha in tawada ta ɗiga a littafi.

Malaman zaure ba su yi saurin karɓar ƙarfen ba, kuma ba taurin kai ba ne. Bakin Birmingham mai tsini ne, an yi shi don rubutun da ake jan sa daga hagu zuwa dama. In ka tura shi daga dama zuwa hagu sai ya caki takarda ya fesa tawada. Ba ya ba da kauri da sirantar da baƙaƙen Warshu ke so. Ga shi yambari na cin ƙarfe, ƙaro na daskarewa a tsaga. Shi ya sa har gobe masu rubuta Alƙur'ani da hannu a Barno da Kano da kara suke yi.

Alƙalami mai shan tawada, wanda ke ɗauke da kurtunsa a cikinsa, tsohon buri ne. Alƙali Nu'uman ya rubuta cewa a shekarar 953 halifan Faɗimiyya Al-Mu'izz, yana mulki a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da ba sai an tsoma ba, wanda ba zai ɓata hannu ko riga ba, aka kuma ƙera masa. Amma wanda ya yi irin da ya bazu a duniya shi ne Lewis Waterman, ɗan Amurka mai sayar da inshora a New York, a 1884. Matsalar da ya warware kun san ta a buta: in ruwa zai fita, dole iska ta shiga, in ba haka ba ko ya tsaya ko ya ɓulɓulo gaba ɗaya. Sai ya yanka 'yan siraran hanyoyi a ƙarƙashin baki, tawada na saukowa ta ciki kamar yadda kananzir ke bin lagwani, iska na hawa ta sama. Parker suka fitar da samfurinsu mai lamba 51 a 1941, mai ɓoyayyen baki, daga baya kamfanin Hero na Shanghai ya yi mai kama da shi a farashin talaka. Zamanin samun 'yanci, a ga marfin alƙalami yana ƙyalli a aljihun riga, an san mai shi ba ƙaramin mutum ba ne. Har wanda bai iya rubutu ba yakan saƙala. Na ji an ce wasu marfin kawai suke saye.

Wani mai sauraronmu, dillalin shanu, ya aiko tambaya a kan irin wannan alƙalami da ya gada wurin mahaifinsa: bakin yana girgiɗi, wani lokaci ya ƙi rubutu, wani lokaci ya zubar. Alhaji, ga amsa, kuma ta shafi duk mai irinsa a akwati.

Gaban alƙalamin gaɓa uku ne. Akwai baki na ƙarfe. A ƙarƙashinsa akwai wani baƙin abu mai tsage-tsage, mu kira shi harshe, shi ne aikin Waterman. Sai wuya, inda yatsu ke riƙewa. A mafi yawansu ba gam, ba ƙusa. Baki da harshe an cusa su tare cikin wuya ne, matsi kawai ke riƙe su, kamar ruwan fartanya a ƙota. In ya yi girgiɗi, ko dai ya zame ya fito kaɗan, ko busasshiyar tawada ta taru ta hana shi zama, ko harshe ya rabu da baki, ko wuya ya tsage.

Fara zubar da tawadar, ka jiƙa gaban a ruwa mai sanyi ya kwana. Ruwa zalla, ban da fetur, ban da kananzir. Da safe ka sami guntun robar tiyub, ka kama baki da harshe tare tsakanin babban yatsa da manuni, ka ja a miƙe a hankali. Kada ka sa filaya, kada ka sa haƙori. In ya ƙi, kada ka yi kokawa da shi, don wasu na zamani murɗawa ake yi kamar noti, masu ɓoyayyen baki kuma irin Parker 51 da Hero sai an kwance murfin wuyan tukuna, shi ma sau da yawa a liƙe yake; irin wannan gara a kai wa mai gyaran agogo mai haƙuri. In sun fito, ka wanke su da tsohon buroshin haƙori. Sannan ka ɗora baki a kan harshe yadda tsagar baki za ta hau daidai kan hanyar tawada, tsinin ƙarfe ya ɗan wuce harshe kaɗan. Leƙa cikin wuya, galibi akwai gurbin da aka yi musu. Ka mayar da su tare ta wannan gurbin, ka tura har ka ji sun zauna. Sau da yawa a nan magana ta ƙare.

In ka gama, gwada da 'yar siririyar takarda tsakanin baki da harshe. In ta shige sululu ba ta gamu da komai ba, akwai rata, kuma tawada ba ta tsallake rata. Tsofaffin alƙaluma harshensu na wata taurarriyar roba ce mai laushi in ta ji zafi. Ka tsoma baki da harshe kaɗai, ban da wuya, a ruwan zafin da aka sauke daga wuta, kamar rabin minti, ka fitar, ka matse su da yatsu ta cikin tsumma har su huce. Zai riƙe sabon zaman. Na zamani masu harshen filastik ba su cika jin wannan magani ba, zafi ya yi yawa kuma su lanƙwashe. In kuwa wuya ne ya tsage, ba gyara sai canji. Abin da nake roƙo, don Allah, kada a ɗiga masa gam mai kamawa nan take. Zai bi tsagar nan ya toshe hanyar tawada, girgiɗi ya tafi, rubutu ma ya tafi. Kuma kada a ɗura masa tawadar allo ko yambari, ƙaro zai kashe shi cikin kwana biyu. Tawadar kwalba ta kanti ita ce abincinsa. Lokacin hunturu a riƙa rufe marfi da an ɗaga hannu. A cikin mota kuma a tsayar da shi baki sama, don zafi na kumbura iskar cikinsa ta turo tawada a aljihun farar riga.

Biro ne ya kawar da duk wannan wahala. László Bíró, ɗan jarida daga Hangari, ya yi rajistar dabararsa a 1938: ƙwallon ƙarfe ɗan mitsitsi yana juyawa yana ɗebo tawada mai kauri. A 1950 Marcel Bich na Faransa ya fitar da Bic Cristal mai araha. Kun ga inda sunayen biyu suka fito. Ƙasashen Ingilishi suka ɗauki sunan mai dabara, na Faransanci suka ɗauki na mai kamfani. Ba ya zuba, ba ya son wanka, yana danna takardar kabon rasit ya fito gida uku. Ba na cikin masu kukan an bar na da. Macen da ke sayar da tumatir tsakanin Po da Aboabo ba ta da lokacin jiƙa alƙalami ya kwana. Abin da na lura kawai shi ne, na gamba kai ke yin abinka, na ƙarfe kana iya gyarawa, na yanzu in ya tsaya sai bola.

Masu kasuwar shanu sun fi kowa sanin abin da ke rataye a bakin alƙalami. Cinikin nan tun na kakanni a kan bashi yake tafiya. Mai shanu ya sauka wurin maigida a Buipe ko Kumasi ko Tulaku, dillali ya haɗa shi da mahauci, mahauci ya ja sa ya ce sai ya sayar da nama, maigida ya tsaya a tsakani. Duk wannan amana ce, amma amanar tana da littafi: sa nawa, wa ya ɗauka, nawa ya bayar, nawa ya rage. Ranar da maigida ya kwanta dama, littafin nan ne ke hana 'ya'yansa da baƙinsa zuwa gaban alƙali. Su ma na tsallake sun tuna Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, mu kuma mun tuna Yulin 2007 da sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Har yau wasu da tsohon lissafi suke magana, su ce miliyan suna nufin ɗari. Bashin da aka rubuta lamba kawai, ba kwanan wata, ba a ce sidi ne ko sefa ba, rigima ce aka ajiye wa magada.

Sannan akwai ranar da takarda ta fi shekarun zama nauyi. A 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubun dubatar mutane suka tashi, cikinsu har da waɗanda a zango aka yanke musu cibiya, kakanninsu sun zo tun zamanin Salaga. Gidaje da rumfuna aka sayar a wulaƙance. Ba gidan zango da ba shi da labarin wannan shekara. Yau kuma makiyayi mai tsallaka iyaka ana tambayarsa takardar da ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan tsallake ke kira CEDEAO, ta tsara a 1998: yawan dabbobi, allurar da aka yi musu, hanyar da za su bi, bodar da za su shiga. Ko da Burkina da Nijar da Mali suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ba a daina tambayar takardar dabbobi a boda ba.

Saboda haka a san irin tawadar da ake ba amana. Shuɗiyar tawadar kwalba ta yau da kullum 'yar uwar ta allo ce, ruwan sama ɗaya ya ishe ta. Mai son rubuta bashi da alƙalamin gado ya nemi wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ba ta wankuwa. Biro ya fi jure ruwa, baƙi kuma ya fi ja da shuɗi jure rana. Mafi rauni duka shi ne ɗan rasit mai santsi da inji ke tofowa a gidan mai ko wurin masu tura kuɗi ta waya. Babu tawada a jikinsa sam, zafi ne ke fito da rubutun, zafi ne kuma ke share shi. Ka bar shi a gaban mota wata biyu, ka dawo ka tarar da farar takarda ko baƙa ƙirin. In kuɗin mai nauyi ne, a kwafe lambar a littafi da biro tun ranar, a ɗauki hotonsa a waya.

A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tashi neman tsofaffin rubuce-rubucen nan. Baturen tarihi Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka bi gari gari, zaure zaure, ana aro littafi a ɗauki hotonsa a mayar wa mai shi. Da haka aka tara ɗaruruwa, da Larabci da Hausa, har da na Alhaji Umaru masu yawa. Amma abin da ya rage a gidaje ba kaɗan ba ne, a Salaga da Yandi da Wa da nan Tamale, cikin gafaka a saman rufi ko a ƙasan adaka. Wanda ya gaji irin wannan kada ya liƙe yagewa da salatif, kada ya kai a rufe masa da roba mai zafi. A raba shi da ƙasa saboda gara, a raba shi da leda saboda gumi, a naɗe a farin ƙyalle. In kuma shafukan sun hargitse, tun da littattafan da ba a ɗinke suke ba, warwara ne tsakanin tadarishi biyu, kuma ba lamba, to a duba can ƙasan shafi ta hagu. Za a ga kalma ɗaya tilo a rataye ita kaɗai. Ita ce kalmar farko ta ganyen da ke biye, da ita za a bi a jera su ɗaya bayan ɗaya.